Ranar da Kawuna Ya Gaida Babarbare da Ladabi

Shekarun baya, lokacin da mutanen gidan nan namu ba su fi su cika zaure biyu ba, an taɓa ba ni zaɓi tsakanin in kori kawuna ko a toshe mana ƙofa. Maganar ta daɗe da hucewa, har dariya muke yi in an tuna, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin, musamman ku da kuka shigo daga baya.

Ga wanda bai saba da irin wannan dandali na intanet ba, ba kamar manyan nan ba ne da kamfani ɗaya ke riƙe da kowa. Nan kamar unguwa ce. Kowa na iya gina gidansa, ya tara mutanensa, ya kafa dokokinsa. Gidajen suna da ƙofa a tsakaninsu, shi ya sa kana namu kake hira da wanda ke wani gida a wata ƙasa. Amma in masu wani gida suka ga ba za su iya da halinku ba, sai su toshe ƙofar da ke tsakani. Daga ranar ba ku ganin nasu, ba sa ganin naku, ko da uwa da ɗa ne.

Abokina ne ya kafa namu, don mutanen Garwa da kewaye masu Hausa da Fillanci. Shi gyaran kwamfuta yake yi, surutu bai dame shi ba. Ni kuwa shagon yadi nake tsare, wanda muka gada tun daga kakanmu da ya zo fatauci daga wajen Katsina, ya ga Binuwai ya ƙi komawa. Tsakanin azahar da la'asar zafin garin nan yakan kori masu saye, in zauna ina hamma. Abokina ya ce tunda ba ni da aikin yi, bakina kuma ba ya shiru, ni zan zama mai sa ido: in an kawo ƙara in duba, in an yi faɗa in raba. Na karɓa ina hura hanci kamar an naɗa ni lamiɗo.

Kawuna yayan mahaifiyata ne. Bafillace ne siriri dogo, dillalin shanu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Maiganga da kasuwannin arewa. A da in yana ciniki, daga bakin kara kana jin muryarsa. Sai hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, sai mahaifiyata ta dawo da shi gidanmu, aka gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Jikin ya ɗan dawo, amma magana ta ƙi. In ya buɗe baki sai kalma ta fito a murɗe, miyau ya biyo ta. Kun san Bafillace da kunya. Ya daina karɓar baƙi, ya daina ɗaga waya, in an matsa masa sai ya juya fuska bango.

Ni na buɗe masa shafi a gidan nan namu na intanet, don kawai ya rage zaman shiru. Ashe da hannun hagu yana iya rubutu, a hankali, harafi bayan harafi. A rubuce kuma ba wanda ya san bakinsa ya karkace. Kawun da muka sani ne ya dawo, da kaifin harshensa da komai.

A nan ya ci karo da tsohon abokinsa, wani Babarbare mai fataucin shinkafa a Yagwa, wanda suka san juna tun suna samari a bayan manyan motoci. Shi ba a gidanmu yake ba. 'Yarsa da ke aikin jinya a Turai ce ta buɗe masa shafi a wani babban gida na masu Faransanci, inda ita ma take, don ya riƙa ganin hotunan jikokinsa. A gidan nan ne kuma yawancin yaranmu da suka tafi karatu waje suke, iyayensu na bin su daga namu.

To, Bafillace da Babarbare in sun haɗu, kun san abin da ke biyo baya. Kullum da safe sai Babarbaren ya fara:

"Bafillace, ka tashi ko yunwa ta ƙarasa ka? An ce jiya iska ta ɗauke ka, a kan gadar Binuwai aka tsinto ka."

Kawu zai ɗauki lokacinsa, sannan amsa ta fito:

"Bawana, wa ya ba ka izinin magana ubangidanka bai karya ba? Je ka wanke fuskar nan da kaji suka yi tono a kai."

Sai jama'a su shigo. Fulanin gidan su bi bayan Kawu, 'yan Barebarin da muke da su su bi bayan nasu, mu Hausawa muna zuga kowane ɓangare. Wani mahauci har alƙalanci yake yi, ya ce yau wane ne ya ci. Na taɓa ce wa Kawu me zai hana su riƙa yi a saƙon sirri, ya rubuta min cewa wasa ba 'yan kallo ai gulma ce. Daga zaure nakan jiyo shi yana dariya shi kaɗai, irin dariyar da rabonmu da ita tun kafin ciwon.

Ranar da abin ya zo ina shago ina auna wa wata mata shadda. Abokina ya turo min saƙon da ya samu daga mai sa idon wancan babban gidan, wata mata. Cikin ladabi ta rubuta, amma ba wasa a ciki. Ta ce an kawo musu ƙara cewa wani ɗan gidanmu yana bin wani dattijo ɗan gidansu kullum da zagin ƙabila, yana kiransa bawa, yana aibata tsagar fuskarsa. Ta ce sun sa na'ura ta fassara, sun ga abin da idonsu. Dokarsu ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Ko dai mu cire mutumin kafin ƙarshen mako, ko su toshe ƙofa.

Da farko dariya na yi, har matar da nake auna wa shadda ta tambaye ni ko lafiya. Da na sake karantawa sai dariyar ta tsaya. In na cire Kawu, na mayar da shi fuskantar bango da hannuna. In na ƙi, a toshe ƙofa, ya rasa abokin nasa duk da haka, iyaye kuma su rasa 'ya'yansu saboda kawuna. Gaba kura, baya siyaki.

Sai na ce ai abin mai sauƙi ne, jahilci ne ya kawo shi, ilimi zai kore shi. Na rufe shago da wuri, na zauna na zuba Faransanci irin wanda tun barina lise, wato sakandare, ban taɓa shi ba. Na kawo tarihin wasan da ke tsakanin ƙabilu, na kawo na taubasai, na jika da kaka, na mahauta da masu shanu. Na ce wannan wasa shi ya hana mu yanka juna tun kafin kakanninsu su san hanyar nan. Har na ɗan soka musu magana a ƙarshe, cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kada su auna mu da mudunsu. Da na karanta wa abokina sai ya ce, "Kai, wannan ai huɗuba ce." Na ɗauka yabo ne.

Amsarta ba ta kai rabin tafin hannu ba. Ta ce ta gode da bayanin, amma kusan duk wanda suka taɓa kamawa yana cin zarafin wani, abin da yake fara cewa shi ne wasa yake yi. Ta ce sun tura wa dattijon saƙo suna tambayarsa ko yana buƙatar taimako, bai amsa ba, kuma a saninsu wanda ake zalunta yakan yi shiru. Sannan ta ƙara da abin da ban zata ba. Wadda ta kawo ƙarar ba Baturiya ba ce. 'Yar nahiyarmu ce, kuma ta gaya musu cewa kakanninta an kira su da wannan kalma ta bawa, ba da wasa ba.

Na shirya faɗa da Turawa, sai ga shi maganar daga gida ta fito. Ni ɗan Garwa ne, na san akwai gidajen da har yau in an zo neman aure ake raɗa wannan kalma a bayan idonsu. Ban taɓa haɗa wannan da wasan Kawu ba, don a zaurenmu kowa ya san wa ke magana da wa. Na manta cewa zauren nan ba shi da bango.

Na je wa mahaifiyata da maganar tana tsince shinkafa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai ne za ka je ka ce wa Hamma ya daina wasa da Kolejo?" Hamma take ce wa yayan nata, Kolejo kuwa haka Fulaninmu ke kiran Babarbare. "To, je ka. Ni dai ba da bakina ba."

Na shiga ɗakin Kawu na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce masa mutanen wancan gidan ba su fahimci wasan ba, in da hali ya ɗan sassauta, ya riƙa gaida abokinsa kamar yadda ake gaida kowa. Ya dube ni, ya jawo waya ya rubuta, ya miƙo min.

"Laifi na yi?"

"A'a, Kawu, wallahi ba laifi ba ne."

Ya sake rubutawa. "Korata za a yi?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya rubuta "To," ya ajiye wayar a ƙarƙashin matashi.

Washegari Babarbaren ya fara kamar kullum, ya ce ya ji labarin an ga Bafillace yana yi wa saniya kuka don ta ƙi gaishe shi. Jama'a suka taru suna jiran amsa. Sai ga ta Kawu:

"Alhaji, barka da asuba. Da fatan an tashi lafiya, ya iyali?"

Babarbaren ya ƙara turo wani zagin, wanda ya fi na farko zafi. Kawu ya amsa, "Na gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Haka aka yi washegari, haka aka yi wanshekare.

Ni kuwa, Allah ya yafe min wautata, har daɗi na ji. Na rubuta wa mai sa idon can cewa an gyara, ta ce za su ci gaba da sa ido amma ba za su toshe ƙofa ba. Na riƙa yawo a kasuwa ina jin ni gwanin sulhu ne. A gida kuwa kwanon Kawu ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi. Dariyar da nake jiyowa daga zaure ta ɗauke. Mahaifiyata kuwa in ta ɗauko kwanon sai ta bi ta gabana da shi a buɗe, don in gani. Na tsare ƙofa, amma mutumin da nake tsoron a raba da abokinsa na riga na raba su, kuma abin ya tsaya min a rai.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, na dawo gida ke nan sai ga moto, wato babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofa. Wani tsoho ya sauko da ƙyar, babbar rigarsa duk ta yamutse, ɗan moton na sauke masa ƙullin shinkafa da kwalin banda. Tsagar fuskarsa kaɗai ta gaya min ko wane ne. Tun asuba ya shiga mota daga Yagwa, mutumin da gwiwa ta hana shi zuwa masallacin Juma'a da ƙafa.

Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Da mahaifiyata ta fito, sai ya rage murya ya ce, "Hajiya, ki gaya min tsakaninki da Allah. Jikin ne ya tashi?"

Ta ce, "Jiki da sauƙi, Alhaji."

"To me na yi masa?" Ya zaro waya yana nuna mana. "Dubi nan. Alhaji! Ni yake ce wa Alhaji! Tun muna kwana a kan buhu mutumin nan bai taɓa ce min Alhaji ba, ko ranar da na dawo daga Makka ce min ya yi an yi asarar kujera. Na ce ko dai na ɓata masa rai, ko kuma ya ji mutuwa a jikinsa yana sallama da ni. Abinci ya ƙi shiga cikina."

Mahaifiyata ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ga mai gidan nan, shi zai yi maka bayani."

Na yi bayani, wannan karon ba huɗuba. Da na zo kan cewa shi ne ake ganin ana zalunta, sai ya riƙe haɓa. "Ni? Wannan karan dawar ne zai zalunce ni?" Na ce ai sun turo masa saƙo suna tambaya, bai amsa ba. Ya ce, "Yo wannan dogon Faransancin? 'Yata ta ce duk saƙon da ya zo daga wanda ban sani ba kada in taɓa, ɓarayi ne."

Ya ture ni ya nufi ɗakin. Kawu ya jiyo muryar tun daga zaure, ya jawo mayafi ya rufe rabin fuskarsa, don rabonsu da ganin juna tun kafin ciwon. Babarbaren ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare masa kallo, na ga idonsa ya kawo ruwa, amma da ya buɗe baki cewa ya yi:

"Buɗe fuskar nan, Bafillace. Dama can ba kyau gare ka ba, me ciwo zai rage?"

Kafaɗar Kawu ta fara girgiza. Ya saki mayafin, ya buɗe karkataccen bakin nan a gaban baƙo, abin da bai yi ba tun da ya kwanta, ya ce, "Kolejo... ɓarawo." Kalmar ta fito a murɗe, miyau ya biyo ta, bai damu ya goge ba. Mahaifiyata ta juya da sauri ta ce wai tukunya na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai ba.

Tare suka ci tuwo a kwano ɗaya, Kawu ya cinye rabonsa har ya shiga na baƙo. Bayan sun wanke hannu na gaya musu sauran maganar, har da ta matar da ta kawo ƙara da abin da aka yi wa kakanninta. Na zaci Kawu zai yi fushi. Sai ya rubuta ya miƙo min: "Zagi bai ƙare a duniya ba. A bar mata wannan kalma ɗaya ta bawa." Babarbaren ya leƙa ya karanta, ya ce ya yarda, dama Bafillacen da bai iya sayen takalmi ba ina ya ga halin mallakar mutum.

Babarbaren ne ya faɗi abin da za a rubuta wa mai sa idon, ni na mayar da shi Faransanci, ya kuma gargaɗe ni kada in ƙara gishiri. Ya ce a gaya mata ya gode da ta damu da shi, ba kowa ke tsaya wa tsoho ba. Amma mutumin nan ɗan'uwansa ne, ladabin da aka sa shi yi ne ya taso shi daga Yagwa da ciwon gwiwa. Muka haɗa da hotonsu su biyu a gaban kwano, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Amsarta ta zo washegari. Ta ce ta yarda, kuma ta ji kunyar cewa shirunsa kawai suka fassara. Amma gidansu na da mutane iri-iri, wasu sun gudo ne daga inda aka yi musu irin wannan da gaske, ba za ta iya barin su ci karo da shi ba shiri ba. Ta roƙi a riƙa sa wa wasan marufi, irin wanda sai ka danna kake ganin abin da ke ciki, a rubuta a kai cewa wasa ne tsakanin tsofaffi biyu da suka amince. Muka ce wannan ai ba komai ba ne, ko a kasuwa in baƙo na zaune ana rage murya. Na karanta wa Kawu, na yi ajiyar zuciyar da sai da mahaifiyata ta jiyo daga tsakar gida.

Ba komai ne ya gyaru ba. Matar da ta kawo ƙarar ta toshe Kawu daga shafinta, ba ta taɓa ce mana uffan ba, kuma ban ga laifinta ba. Akwai wani ƙaramin gida da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin maganar ya toshe mu tun kafin a gama, har yau bai buɗe ba. Abokina ma ya daɗe yana kirana liman saboda huɗubar nan.

Abin da na ɗauka daga ciki ba mai yawa ba ne. Na daina yi wa dokar gidan wasu dariya, don yawanci in ka bincika akwai wanda aka taɓa ji wa ciwo kafin a kafa ta. Na kuma daina yanke hukunci a kan mutum biyu ban tambayi kowannensu ba. Mai sa idon can ta yi kuskuren nan daga nesa, tana da uzuri. Ni a gida ɗaya nake da Kawu, kuma na fi ta kusa da yin ɓarna.

Yanzu su biyun sun ƙara tsufa. Babarbaren ya bar wa 'ya'yansa fatauci, Kawu kuma rubutunsa ya ƙara nauyi, wani lokaci amsa ɗaya sai ta kai shi hantsi. Ni dai kullum kafin in buɗe shago sai na buɗe waya, gabana na ɗan faɗuwa. In na danna na ga an ci mutuncin kawuna tas, shi ma ya rama, sai in ce alhamdu lillahi, duka biyun sun kwana lafiya.